Yadda Ake Hada Zaratan 'Yan Kwallon Kwando Na Tarihin Rukunin ACC Ba Tare Da An Yi Maka Dariya Ba

Tun ranar da na ce ni a wajena David Thompson na jami'ar NC State ya fi Michael Jordan a kwallon kwandon jami'a mutane suka hana ni sakat, wasu da zagi wasu da tambaya, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce wai ta yaya ake zaben nan ne, da me kake aunawa. To ga yadda nake yi, daki-daki. Zan yi misali da rukunin ACC na jami'o'in Amurka saboda shi na fi bibiya, amma hanyar daya ce ko da Big Ten ko SEC kake son yi.

1. Tanadi kayan aiki

Ba wani abu mai tsada bane. Waya ko kwamfuta, data, littafin rubutu da biro, in kuma ka iya Excel ko Google Sheets ya fi sauki wajen lissafi. Alkaluman 'yan wasa kyauta ne a shafin Sports Reference, bangaren kwallon kwandon jami'a, tsofaffin wasanni kuma da yawa suna YouTube cikakku. Kudin da zaka kashe na data ne kawai, kuma bidiyo ne ke shanye ta, don haka ka rage ingancin hoton, wasan 1974 ko ka daga shi zuwa kololuwa dishi-dishi zaka gani dama. Lokaci kuwa ka ware kamar sati daya kana yi da daddare. Wanda ya ce maka ya gama a zama daya, sunayen da ya sani a NBA kawai ya jero.

2. Rubuta dokokinka kafin ka rubuta sunan kowa

Nan ne gaba daya aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Idan ka fara rubuta sunaye to dokar zata koma bin sunayen, zaka ga kana lankwasa ta don gwaninka ya shiga.

Abu hudu zaka yanke. Na farko, abin da mutum ya yi da rigar jami'a kadai ake lissafawa, NBA babu ruwanka da ita. Na biyu, shekara nawa ne mafi karanci da dan wasa zai buga kafin ya cancanta, ni biyu nake sawa. Na uku, mutum nawa zaka dauka, ni biyar na farko da bakwai a benci sai koci daya. Na hudu, kungiya kake hadawa wadda zata iya shiga fili ta buga, ko kuwa jerin mutum biyar mafi girman suna ko da dukkansu dogaye ne masu tsayawa karkashin kwando? Duka biyun ana yi, amma ka zabi daya ka fada tun farko. Ni ta farkon nake yi.

Hattara: dokar shekara biyu tana da zafi. Zata fitar maka da Zion Williamson wanda ya yi kakar 2018 zuwa 2019 kadai a Duke, maki 22.6 a kowane wasa, ya kwashe kyautar gwarzon kasa ya tafi. Zata fitar da Cooper Flagg shi ma. Idan zuciyarka ba zata dauka ba ka sa shekara daya tun yanzu, amma kar ka zo tsakiyar aiki ka canza. Kyrie Irving kam kowace doka ka sa bai shiga, wasa 11 kacal ya bugawa Duke saboda rauni.

3. Tantance wace jami'a ce take cikin rukunin, kuma a wace shekara

Wannan matakin shi ya fi kunyata mutane. Jami'o'in Amurka suna sauya rukuni, don haka rigar da kake gani yau a ACC ba lallai tana ciki ba lokacin da gwaninka ya buga.

An kafa ACC a 1953 da Clemson, Duke, Maryland, North Carolina, NC State, South Carolina da Wake Forest, Virginia ta biyo baya a cikin shekarar. South Carolina ta fice a 1971. Georgia Tech ta shigo a 1979, Florida State 1991, Miami da Virginia Tech 2004, Boston College 2005, Syracuse da Pittsburgh da Notre Dame 2013, Louisville 2014, kuma a 2014 din ne Maryland ta koma Big Ten. A 2024 California da Stanford da SMU suka shigo. Rubuta wannan a shafin farko na littafinka, duk sunan da ya fado maka ka gwada shi da shekarun.

Hattara: Carmelo Anthony ya ci kofin kasa da Syracuse a 2003, amma a lokacin Syracuse tana Big East, saboda haka ba dan ACC bane ko kadan. Jason Kidd ya buga a California tun tana rukunin yammacin kasar, shi ma babu shi. Sai kuma kuskuren da yake juye da wannan, wato mutum ya manta da 'yan Maryland saboda yanzu ba ta ciki. Len Bias dan ACC ne cikakke, gwarzon rukunin a 1985 da 1986, haka Juan Dixon da ya kai Maryland ga kofi a 2002. John Roche na South Carolina ma ya zama gwarzon ACC sau biyu, 1969 da 1970, kafin su fita.

4. Tara sunaye da yawa, kamar arba'in

Kar ka dogara da kwakwalwarka, zata kawo maka wadanda ka gani a talabijin ne kawai. Bude jerin wadanda suka ci kyautar gwarzon ACC tun daga 1954 ka kwafe su duka. Sannan ka duba jerin kyautar Naismith da ta Wooden, wadanda ake bawa gwarzon kasa baki daya, ka ciro 'yan ACC. Sannan duk kungiyar ACC da ta ci kofin NCAA, wato kofin kasa na jami'o'i, ka dauki mutum biyu mafi tasiri a cikinta. A haka ne zaka hadu da irin su Lennie Rosenbluth, wanda North Carolina dinsa ta buga wasa 32 a 1957 ba a doke ta ko sau daya ba, ta kuma cinye Kansas mai Wilt Chamberlain a wasan karshe da maki 54 da 53 bayan karin lokaci har sau uku. Yaran yanzu ko sunansa basu taba ji ba.

Wani abu kuma, akwai namu a rukunin nan. Al-Farouq Aminu ya buga a Wake Forest, Josh Okogie haifaffen Legas ya buga a Georgia Tech, Jordan Nwora a Louisville, duk sun sawa Najeriya riga. Sa su a jerin arba'in in kana so, ba laifi, amma in an zo tacewa kar kishin gida ya rufe maka ido, a wannan ma'aunin basu kai ba.

5. Daidaita zamani da zamani

Anan zaka dade, kuma ya kamata ka dade. Kwallon da aka buga a 1975 da ta 2005 suna daya ne kawai suka hada, dokokin ba daya ba, in ka jera alkaluma haka tsirara to ka zalunci tsofaffi.

Har zuwa kakar 1972 zuwa 1973 'yan aji daya basa bugawa babbar kungiya, kenan wanda ya zo kafin nan shekara uku kadai yake samu. David Thompson shekara uku ya buga, Tyler Hansbrough hudu. Hansbrough ne ke rike da tarihin yawan maki a ACC, 2,872, JJ Redick na bin sa da 2,769, to in jimilla ka duba sai ka dauka sun fi Thompson cin kwando, alhali Thompson maki 26.8 yake ci a kowane wasa, babu dayansu da ya kusa nan. Saboda haka matsakaicin kowane wasa zaka duba, jimilla ta zo daga baya.

Jifan maki uku bai zama doka a fadin kasar ba sai kakar 1986 zuwa 1987, ACC ta dan gwada shi a kakar 1982 zuwa 1983 da layi mai kusa sosai. Redick ya jefa mai maki uku guda 457, kaga kenan maki 457 ya samu kari wanda Phil Ford ko Thompson ba zasu taba samu ba ko da daga tsakiyar fili suka jefa. Agogon da ke tilasta a jefa kwallo shi ma sai kakar 1985 zuwa 1986 ya zo da dakika 45, aka rage zuwa 35 a 1993, aka mayar 30 a 2015. Kafin nan kungiya tana iya rike kwallo tana yawo da ita yadda ta ga dama, wasan karshe na gasar ACC a 1982 tsakanin North Carolina da Virginia, wanda akwai Jordan da James Worthy da Ralph Sampson duk a fili daya, an tashi 47 da 45 ne saboda rike kwallon. To ka ga mutumin da ke buga irin wannan wasan makinsa dole ya yi kasa, ba don bai iya ba.

Sai dankara kwallo cikin kwando da hannu, an haramta shi daga 1967 zuwa 1976. Thompson da ake magana kan tsallensa har gobe, duk zamansa a NC State sai dai abokin wasansa Monte Towe ya cilla masa sama ya cafe ya saki a hankali cikin kwandon.

Hattara: kafin 1975 kungiya daya tak ce daga kowane rukuni take zuwa gasar NCAA. A 1974 Maryland tana cikin manyan kungiyoyin kasar gaba daya, NC State ta doke ta 103 da 100 a karin lokaci a wasan karshe na ACC, shikenan Maryland ta zauna a gida. Saboda haka kar ka rage wa dan wasan wancan zamanin daraja wai don bai yi abin kirki a gasar kasa ba, kila ba a ma bashi kofar shiga ba. Haka kuma tare kwallo da kwace kwallo sai tsakiyar shekarun 1980 hukumar NCAA ta fara kididdigarsu a hukumance, in ka ga gurbin babu komai a gaban sunan tsohon dan wasa ba sifili bane, ba a kirga bane kawai.

6. Tace su da maki

Yanzu ka rage arba'in zuwa kamar ashirin. Ni ga lissafin da nake yi, nawa ne na kaina, kana iya canza shi: gwarzon kasa maki 5 duk shekara, gwarzon ACC maki 3, shiga zababbun biyar na farko na ACC maki 1, kofin NCAA maki 3 in yana cikin masu fara wasa, kofin gasar ACC maki 1. Ka tara, ka jera daga sama zuwa kasa, ka yanke a na ashirin.

Hattara: wannan rariya ce kawai, ba ita ce alkali ba. Zaka ga 'yan Duke da North Carolina sun cika saman saboda kofuna, kuma kofi aikin mutum biyar ne da koci. In ka bar lissafi ya yanke hukunci zai danne Bias da Tim Duncan saboda kawai ba a manyan gidaje biyun nan suka buga ba.

7. Zauna ka kalli wasa

Cikakken wasa, ba guntayen bidiyon da aka hada da kida ba, wadannan kowa gwani ne a cikinsu. Wasan jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti 20. Ko ba komai ka kalli uku: NC State da UCLA a kusa da na karshe na 1974, inda Thompson da abokansa suka karya UCLA bayan ta ci kofi bakwai a jere, sai North Carolina da Georgetown a wasan karshe na 1982, sai Duke da Kentucky a 1992. In data ta rage ka kara da NC State da Houston na 1983, zaka ga Hakeem Olajuwon dan Legas yana matashi, shi aka bawa gwarzon gasar duk da Houston ce ta sha kashi 54 da 52.

Kana kallo kana rubutawa: wa ake nema da kwallo in wasa ya yi zafi, wa ke tsare gwanin abokan hamayya, wa ke bacewa. Wasan 1982 zai baka mamaki, kowa jifan Jordan na karshe yake tunawa da aka tashi 63 da 62, amma Worthy ne ya dauki wasan a kansa da maki 28, shi aka bawa gwarzon gasar, Jordan lokacin dan aji daya ne.

8. Cike gurabe biyar, ka fara da wanda babu gardama

Thompson na fara rubutawa, a gefe. Gwarzon ACC sau uku a jere 1973, 1974, 1975, kofin kasa, kungiyarsa ta yi 27 babu faduwa a 1973 duk da an hana su shiga gasar kasa a shekarar, ta yi 30 da faduwa daya a 1974. Babu abin tattaunawa.

Christian Laettner na biyu, a gurbin dogo na hudu. Ka so shi ko ka ki shi, kuma da yawa basa son sa, ya kai matakin kungiyoyi hudu na karshe shekara hudu a jere, ya ci kofi 1991 da 1992, maki 407 a gasar NCAA wanda shi ne tarihi, a wasan Kentucky dinnan jifa goma ya yi duka suka shiga, jifan kyauta goma duka suka shiga, ya kuma jefa na karshe aka tashi 104 da 103.

Mai raba kwallo, gardamar tsakanin Phil Ford ne da Bobby Hurley. Hurley yana da kofi biyu da fasin da aka ci kwando da shi har 1,076, babu wanda ya kai shi a ACC. Ford bashi da kofin kasa, ya je wasan karshe a 1977 Marquette ta doke su, amma maki 2,290 babu layin maki uku, kyautar Wooden a 1978, kuma tun yana aji daya a 1975 ya zama gwarzon gasar ACC a kan NC State din Thompson. Bambancin a wajena shi ne Hurley yana da Laettner da Grant Hill a gefensa, Ford kuwa shi ne tsarin wasan gaba daya, kocinsu Dean Smith a hannunsa yake damka kwallo ya ce kowa ya watse kusurwa hudu. Ford na dauka. Chris Paul shekara biyu ya yi a Wake Forest, ya yi kyau amma sunansa a NBA ya yi shi.

Sai Jordan. Ya shiga, amma da guminsa na jami'a ba da kofunan NBA da ya ci da Chicago ba: gwarzon ACC da Naismith da Wooden a 1984, kofi a 1982, maki 17.7 a kowane wasa, ga tsaro. Wannan ya isa ya bashi gurbi na biyu a gaban Redick da Johnny Dawkins, amma bai isa ya sa shi gaban Thompson ba, kyaftin dina Thompson ne.

Hattara da gurbin tsakiya, nan ne ake asarar abokai. Sampson na Virginia, kafa 7 da inci 4, Naismith sau uku a jere 1981, 1982, 1983, gwarzon ACC sau uku. Duncan na Wake Forest, gwarzon ACC 1996 da 1997, gwarzon kasa 1997, ya tare kwallo 481, ya ci gasar ACC sau biyu 1995 da 1996. Masu sukar Sampson zasu ce bai taba cin gasar ACC ba balle ta kasa, kuma shekarar da ta biyo bayan tafiyarsa, 1984, Virginia ta sake kaiwa hudun karshe babu shi. Gaskiya ne. Amma Duncan ko hudun karshen bai taba kaiwa ba, Sampson ya kai a 1981. Na yi kwana biyu ina juya wannan, kuma na gane duk lokacin da na karkata ga Duncan rigarsa ta San Antonio a NBA nake hangowa, wato na karya dokata ta farko. Sampson ya fara, Duncan ya zauna a benci, har yanzu abin yana min ciwo. Jarabar da zata zo maka ita ce ka cusa Sampson da Duncan da Laettner duka uku ka cire mutum daya a baya, in a mataki na 2 ka ce kungiyar da zata buga kake hadawa to ba ka da wannan damar.

9. Benci da koci

Benci ba wajen ajiye wadanda kake jin kunyar bari bane, ka duba abin da biyar din farko suka rasa. Nawa basu da mai jifa daga nesa, shi yasa Redick ya shiga. Hurley madadin Ford. Duncan da Hansbrough na karkashin kwando. Bias da Grant Hill na gefe. Na bakwai na bawa Rosenbluth, na bar Shane Battier da Worthy da Dawkins a waje, kuma na san za a tambaye ni.

Koci kuwa mutum biyu ne kawai a maganar. Dean Smith wasa 879 ya ci da kofi biyu, 1982 da 1993. Mike Krzyzewski kofi biyar, 1991, 1992, 2001, 2010, 2015. In zaka kawo jimillar nasarorinsa 1,202 ka tuna akwai na lokacin da yake horar da kungiyar makarantar sojoji kafin ya zo Duke a 1980, wadannan ba na ACC bane, ka cire su. Ko an cire su, Krzyzewski ne dai. Roy Williams ma haka, kofunansa uku da North Carolina na ACC ne, shekarunsa na Kansas ba a sawa.

10. Gwada shi kafin ka fitar

Kirga mutum nawa ne daga kowace jami'a da kowane zamani. In ka ga takwas cikin sha biyu daga gida daya suke, ko babu ko mutum daya kafin 1980, koma mataki na 4. Sannan ka samu wanda baya son kungiyar da kake so, in kai dan Duke ne nemi dan North Carolina, ka mika masa jerin ka ce ya fasa shi. Duk sunan da ka kasa karewa da jimla biyu ba tare da ka ambaci NBA ba, cire shi ka sa na gaba a lissafin mataki na 6.

In zaka fitar kuma, dokokinka hudu su zo a sama kafin sunaye, da shekarun da kowa ya buga a gefen sunansa, don mutum na farko da zai yi magana tambayarsa ita ce ina Carmelo, sai kawai ka nuna masa 2003 da 2013.